Ko Ƙananan Jam'iyyu Suna da Rabo a Zaɓen Ƙaramar Hukuma?

Cikin dukan gwamnatocin da suke bisanmu a Nijeriya, ba wadda ta kai ƙaramar hukuma kusa da ƙofar gidan mutum. Ita ce Tsarin Mulki ya danƙa wa kasuwa da tashar mota da maƙabarta, da kwashe shara, da rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Tana kuma da hannu cikin makarantar firamare da ɗakin shan magani na ƙauye. Duk da haka zaɓenta ne aka fi rainawa. Ranar zaɓen shugaban ƙasa mutane sukan yi sammako su sha rana a kan layi, amma ranar zaɓen kansila maigida yakan ɗauki fartanya ya tafi gona, uwargida kuma ta ci gaba da dakanta, gama sun ce an riga an san wanda zai ci.

Mu da muke rubuta wannan miji ne da mata, mun kuwa tsufa cikin aikin koyarwa a makarantun firamare. Albashinmu daga kason ƙaramar hukuma ake cirewa, saboda haka tilas ne mu sa ido a kan abin da yake faruwa a sakatariya. Mun ga ciyamomi na zaɓe, mun ga kantomomi na naɗi, sun hau sun sauka. Yanzu da muka huta da aiki, samarin da muka koya wa karatu sukan zo su zauna a zaurenmu da yamma, kuma akwai tambayar da suke yawan kawowa. Sukan ce, manyan jam'iyyu sun rufe musu ƙofa, ko akwai amfani mutum ya tsaya takara a ƙaramar jam'iyya? Amsar da muke ba su ita ce muke so mu shimfiɗa wa masu karatu. Rabo akwai, amma a kujerar kansila yake, kuma yana rataye a hannun wanda yake ƙirga ƙuri'a.

Ba Yau Aka Fara Ba

Ƙaramar jam'iyya ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. A 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da aka san Malam Aminu Kano da ita, kuma ta yi shekaru tana ja da NPC wadda take riƙe da mulkin Jihar Arewa da goyon bayan En'e. A ƙasar Binuwai da Filato akwai UMBC ta su Joseph Tarka. A Ilorin kuwa wata ƙungiyar talakawa mai suna Ilorin Talaka Parapo ta haɗa kai da jam'iyyar AG, suka ci rinjaye a majalisar En'e a 1957. Ba su daɗe a kai ba, gama a 1958 gwamnatin Kaduna ta rushe majalisar. Tun daga wannan lokaci aka ga abu biyu da har yanzu ba su sake ba. Talakawa suna iya zaɓen ƙaramar jam'iyya idan an bar su, kuma wanda yake sama ba ya son a bar su.

A 1976, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka yi babban gyara, aka shimfiɗa tsari iri ɗaya na ƙananan hukumomi ga ƙasa duka. Zaɓen da aka yi a ƙarshen wannan shekara ba jam'iyya a cikinsa, mutum da sunansa da halinsa yake tsayawa. Da aka koma siyasa a 1979, jam'iyyar PRP, wadda ba ta da kuɗi irin na NPN, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, watau Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka kuma soke haraji da jangali. Tsofaffi ba su manta da wannan ba.

Akwai ma lokacin da zaɓen ƙaramar hukuma ya zama ma'aunin jam'iyyu. Ran 5 ga Disamba 1998 jam'iyyu tara suka shiga zaɓen ƙananan hukumomi da rajista ta wucin gadi, uku kaɗai suka tsallake, su ne PDP da APP da AD. Daga baya ƙofa ta buɗe, jam'iyyu suka yi ta ƙaruwa har suka kai 91 a zaɓen 2019. A Fabrairu 2020 hukumar zaɓe ta ƙasa, watau INEC, ta soke 74 daga cikinsu, ta bar 18. A dokar da ta yi aiki da ita akwai wani abu da ya kamata a lura da shi, jam'iyyar da ta ci kujerar kansila ko da guda ɗaya ce ba a soke ta saboda rashin cin zaɓe. Ashe kujerar da ake rainawa tana iya riƙe ran jam'iyya sukutum.

Wa Yake Ƙirga Ƙuri'a?

Yau ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. INEC takan shirya zaɓen shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisa, amma zaɓen ƙaramar hukuma yana hannun hukumar zaɓe ta kowace jiha. Gwamna ne yake naɗa shugabanta da wakilanta, majalisar dokokin jiha ta tabbatar, kuɗin aikinta kuma daga baitulmalin jiha suke fitowa. Ba sai mun yi dogon bayani ba, bari mu duba abin da ya fito daga akwatuna.

A Janairu 2021 aka yi zaɓe a Jihar Kano, APC mai mulki ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484 duka. A Oktoba 2024 aka sake yi, a lokacin NNPP ce take mulki, ita ma ta kwashe 44 da 484, ba ta bar ko ɗaya ba. A Jihar Filato APC ta ci ƙananan hukumomi 17 duka a 2021, sa'an nan a 2024, bayan mulki ya koma hannun PDP, PDP ta ci 17 duka. Mutanen nan su ne dai, kasuwarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya. Ko cikin gida ɗaya ma da wuya a sami bakin kowa ya zo ɗaya a kan miyar da za a yi da dare, balle jiha mai miliyoyin mutane.

A Jihar Kaduna an gwada zaɓe da na'ura a 2018 da 2021, kuma a duka biyun PDP mai hamayya ta ci waɗansu ƙananan hukumomi. A 2024 aka koma ga takarda, APC ta ci ciyamomi 23 da kansiloli 255 duka.

Yanzu sai mu dubi Abuja. Babban Birnin Tarayya ba shi da gwamna, ba shi da hukumar zaɓe ta jiha, INEC ce take shirya zaɓen ƙananan hukumominsa shida, watau Abuja ta cikin gari, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji. A 2016 jam'iyyar APGA, wadda ƙarfinta yake can Jihar Anambra, ta ci ciyaman na Gwagwalada. A 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku, alhali APC ce take riƙe da Gwamnatin Tarayya. Ba muna cewa zaɓen Abuja ba shi da aibu ba ne. Abin da muke cewa shi ne, inda mai ƙirga ba yaron ɗan takara ba ne, sakamako yakan fito da launi dabam dabam, kamar yadda ra'ayin mutane yake.

Akwai kuma shingen kuɗi. A 2024 hukumar zaɓe ta Jihar Kano ta fara yanka naira miliyan 10 kuɗin takardar tsayawa ciyaman, da miliyan 5 na kansila, har magana ta kai kotu. A wannan shekara ce aka mai da albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000 a wata. Mai irin wannan albashi, ko bai ci bai sha ba, sai ya yi kusan shekara shida kafin ya tara kuɗin takardar kansila. Babbar jam'iyya tana da masu biya mata. Ƙaramar jam'iyya kuwa tun a nan take faɗuwa, ba a ma kai ga akwati ba. Tsarin Mulkin 1999 kuma bai ba mutum damar tsayawa shi kaɗai ba tare da jam'iyya ba.

Rigar Aro

Mai karatu zai ce, ai mun ji labari ƙananan jam'iyyu sun ci zaɓe a waɗansu jihohi. Gaskiya ne. A Oktoba 2024 wata jam'iyya mai suna APP, wadda ba ita ce ta 1998 ba, ta ci ciyamomi 22 cikin 23 a Jihar Ribas. A Nuwamba na wannan shekara ZLP ta ci 15 a Jihar Abiya, YPP ta ci 2, LP ta gwamna ba ta sami ko ɗaya ba. Amma a Ribas a lokacin gwamna yana cikin rigima da manyan jam'iyyarsa ta PDP, mutanensa ne suka ƙaura zuwa APP suka tsaya. A Abiya ma rikicin shugabanci ya raba LP. Kotun Ƙoli ta soke zaɓen Ribas a Fabrairu 2025.

Irin wannan nasara rigar aro ce. Mai ita ya sa ta domin tasa tana wurin wanki, in ta bushe zai tuɓe ya mayar. Saboda haka idan muka ga jam'iyyar da ba ta da ko ofis a garinmu jiya, yau ta cika gari da fastoci da motoci, sai mu tambaya kuɗin wane ne. Ƙanƙantar jam'iyya ba ta mai da ita ta talakawa.

Abin da Ya Faru a Mazaɓarmu

Akwai wani ɗalibinmu na dā, mai gyaran injin ban ruwa da rijiyar burtsatse. Duk ƙauyukan mazaɓarmu sun san shi, gama in famfo ya lalace shi ake kira, sau da yawa kuma ba ya karɓar kome sai kuɗin ƙarfen da ya saya. Ya nemi tsayawa kansila a jam'iyya mai mulki, aka ce masa ya dakata, an riga an yi sulhu, an ba ɗan wani babban mutum wanda ma a birni yake zaune. Ya zo wurinmu ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Malam, Malama, na sami wata ƙaramar jam'iyya da za ta ba ni tuta. Me kuka gani?"

Muka ce masa, "Ɗanmu, mutane suna sonka, wannan ba shakka. Amma ka sani mai yiwuwa ne ka ci a akwati a hana ka a sakatariya. In zuciyarka za ta ɗauki wannan, to, ka shiga. Kada dai ka ci bashi, kada kuma ka taɓa hatsin iyalinka."

Ya sayar da shanun nomansa biyu, abokansa suka yi karo-karo, matan zumunta da matan adashi suka ɗauki nauyin abincin wakilansa. Bai yi taro da makaɗa ba, gida gida ya bi a kan babur. Alamar jam'iyyarsa ba wanda ya taɓa ganinta, sai da aka zana ta a bangon shagonsa domin tsofaffi su gane ta.

Ranar zaɓe muka fita da sassafe. Kayan zaɓe ba su iso ba sai da rana ta karkata, duk da haka mutane ba su watse ba, abin da ba mu taɓa gani ba a zaɓen kansila. Aka jefa ƙuri'a, aka ƙirga a gaban kowa, ya yi rinjaye a akwatinmu, wakilansa kuma suka kawo labari iri ɗaya daga yawancin ƙauyuka. Amma ma'aikacin zaɓe ya ce ba a ba shi takardar rubuta sakamako ba, sai a can sakatariya za a rubuta. Kashegari muka ji a rediyo an ce jam'iyya mai mulki ta ci kowace kujera. Ya so ya kai ƙara, lauya ya tambaye shi takardar sakamako mai sa hannun wakilansa, ba shi da ita. Magana ta mutu a nan, shanu kuma sun tafi. A wannan damina da hannu ya yi noma.

Amma ga abin da ya biyo baya. Kansilan da aka ba kujerar ya san abin da akwatuna suka faɗa, kowa ma ya sani. Kwalbatin hanyar kasuwa da muka yi shekaru muna roƙo, kafin damina ta biyu an yi shi. Aji biyu da iska ta kware rufinsu a makarantar da muka yi aiki, an rufe su. Da zaɓe na gaba ya matso, manyan jam'iyya ba su ƙara aiko mana da baƙo daga birni ba, suka nemi ɗan gari. Ɗalibinmu bai zauna a kujera ba, amma tsayawarsa ta sa an gane mazaɓarmu tana da masu ita.

Amfanin Kansila Ɗaya

Me ya sa muka ce rabon ƙaramar jam'iyya yana kujerar kansila? Domin mazaɓa ƙarama ce. Mai neman gwamna tilas ya sayi lokaci a rediyo da talabijin, ya yi hayar motoci, ya ajiye wakilai a dubban rumfunan zaɓe. Mai neman kansila kuwa zai iya zaga mazaɓarsa a kan babur cikin kwana kaɗan, wakilan da yake bukata kuma ba su fi ya tara su a zaure ɗaya ba. A can sama ana zaɓen alama, a nan ƙasa an san uban mutum da uwarsa, an san ko yana biyan bashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Kansila ɗaya ba zai juya majalisa ba, amma yana da ikon ganin takardar kasafin kuɗi, yana da bakin tambaya. Zai iya fitowa ya gaya wa mutanensa cewa an rubuta rijiya a ƙauye kaza, an ware mata kuɗi, su je su duba ko an haƙa. Inda dukan kansiloli da ciyaman mutum ɗaya ne ya naɗa su, ba mai yin wannan tambaya, gama kowa yana tsoron wanda ya ba shi.

Wannan ya ƙara nauyi tun ran 11 ga Yuli 2024, sa'ad da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Kason nan ya ɗara kashi 20 cikin 100 na abin da ake rabawa. Bayan hukuncin jihohi da yawa suka yi gaggawar shirya zaɓe, shi ya sa muka ga zaɓuɓɓuka barkatai a ƙarshen 2024. A cikin 2025 an yi ta kuka cewa ba a aiwatar da hukuncin sosai ba, watau rijiya ta bayar guga ya hana. Amma ko an aiwatar, idan gwamna ne yake zaɓen ciyaman, kuɗin ya sake hanya ne kawai, hannu ɗaya zai koma. 'Yancin kuɗi ba ya tsayawa sai da zaɓe na gaskiya. Saboda haka ne waɗansu suke kira a mai da zaɓen ƙananan hukumomi hannun INEC, waɗansu kuma suna cewa a gyara yadda ake naɗa hukumomin jiha. Kowanne aka bi, sai an gyara Tsarin Mulki, gyaran kuwa sai majalisun jihohi 24 sun yarda.

A Yi Hattara

Akwai wani rami da ƙaramar jam'iyya takan faɗa. Da yake ba ta da kuɗi, sai wani ya ce bari a nemi ƙuri'a da sunan addini ko kabila, gama wannan ba ya cin ko kwabo. Wannan wuta ce a bakin rumbu. Rikicin Jos na Nuwamba 2008 daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya tashi, ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu, Kirista da Musulmi. Ɗalibinmu ya sami ƙuri'ar kowane ɓangare domin famfon da yake gyarawa ba ya tambayar mai ɗiban ruwa inda yake sujada. Wanda ya zo mana da maganar "namu" da "nasu" maimakon maganar makaranta da magani da hanya, ko jam'iyyarsa babba ce ko ƙarama, kada mu bi shi.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ga samari da 'yan mata masu niyyar tsayawa, muna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Jam'iyyar da ba a ganinta sai saura wata biyu zaɓe ba ta da rabo. Ku fara da aikin da mutane za su gani, shekara biyu ko uku kafin lokaci. Kada ku watsa ƙarfinku a kan kujeru goma, ku zaɓi mazaɓa ɗaya ko biyu inda kuke da mutumin kirki. In ƙananan jam'iyyu biyu suna neman kujera ɗaya, su zauna ɗaya ta janye wa ɗaya. Ku koya wa wakilanku aikinsu, su nemi ganin takardar sakamako tun kafin a jefa ƙuri'ar fari, su sa hannu bayan ƙirga, su karɓi tasu, su kuma ɗauki hotonta da waya.

Ga iyaye maza da mata, kada mu ce an riga an san wanda zai ci, mu zauna a gida. Rumfar da ba kowa a cikinta ita ce ta fi sauƙin rubuta mata abin da aka ga dama. Mu fita, mu jefa ƙuri'a, mu tsaya cikin natsuwa har a ƙirga, mu hana 'ya'yanmu ɗaukar sanda ko wuƙa saboda kowane ɗan takara. Mu kuma tambayi ɗan majalisar jiharmu, sa'ad da ya zo neman ƙuri'a, inda ya tsaya a kan gyaran zaɓen ƙananan hukumomi, gama hannunsa yana cikin waɗanda za su ɗaga ko su ƙi.

Ba mu yi wa kowa alkawarin zai ci a karo na fari ba. Mun dai ga abin da tsayawar mutum ɗaya mai gaskiya ta kawo wa ƙauyukanmu, mun kuma ga a Gwagwalada cewa in an ƙirga daidai ƙaramar jam'iyya takan ci. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya ba ƙananan hukumominmu shugabanni masu tsoronsa, ya ba mu zaman lafiya.